Faifan da Na Gyara a Ɗakin Inna

Aminu, Zainab, da ke Ummi, wannan babin naku ne. Na daɗe ina jin abin da kuke faɗa a tsakaninku, wai Nasiru ne ya bi ta bayan fage ya ƙwace mini tafiyar ƙaro ilimi, shi ya sa na yi ritaya a ƙarƙashin wanda ni na koya masa riƙe sukurudireba. Lokacin da abin ya faru duk kuna makaranta, kuka dawo hutu kuka tsinci labarin a bakin mutane. Ni kuma ban yi muku bayani ba, don a lokacin ba na iya maganar. Yanzu ina iyawa, ga yadda aka yi.

Kun san a sashen fiziks na jami'a na yi aiki, amma ban tabbata kun san ainihin abin da nake yi ba. Ni ba malama ba ce, mai kula da na'urori ce. A ɗakin gwajinmu akwai wata babbar na'ura da aka ba mu kyauta daga ƙasar waje, mai harba ƙwayoyin zarra ta cikin dogon bututu. A ƙarshen bututun akwai tukunyar ƙarfe da ake zuƙe wa iska tas, a cikinta kuma akwai faifan ƙarfe kamar na rufe ƙwarya, da ramuka kewaye da bakinsa. A ramukan muke dasa abin da za a gwada, ko ƙasa da aka daka aka matse, ko gishirin da ya rage bayan an ƙafar da ruwan rijiya. Harbin ba ya motsi, wuri ɗaya yake sauka kullum, faɗinsa bai fi ƙwayar dawa ba. Faifan ne ke juyawa ya kawo kowane samfur daidai wurin. Abin da ke juya shi wani ɗan moto ne da bai fi dunƙulen hannu ba, yana daga wajen tukunyar, sandarsa na haɗe da sandar faifan. Kwamfuta ta ba shi umarni, ya taka ya tsaya. In harbin ya sauka a kan samfur, na'urar ta gaya mana abin da ke cikinsa, ko dalma ce ko wani abu mai cutarwa.

A shekarar da aka rufe iyaka ne saitin ya fara kaucewa. Samfur na farko yakan tsaya daidai, na biyu ma haka, amma kafin a zagaya faifan sai harbin ya koma yana dukan ƙarfen da ke tsakanin ramuka. Sakamakon ya fito shirme, ƙasar gona tana nuna kamar guntun bokiti aka gwada. Ga shi a hannunmu akwai ƙasa da ruwa daga wasu ƙauyuka da ake haƙar zinariya, inda yara ke ta ciwo, ma'aikatan lafiya na jiran mu faɗa musu rijiyar da za a rufe. Ga kuma waɗanda suka ba mu na'urar sun ce suna tafe su ga yadda muke riƙonta, in sun gamsu za su ɗauki mutum ɗaya ya je can ƙasarsu ya yi shekara yana koyon aikin. Kowa a sashen ya san wa za a tura. Tun ina budurwa nake jiran irin wannan damar, a lokacin kuwa furfura ta riga ta fara fito mini.

Ni da Nasiru, mataimakina, babu abin da ba mu taɓa ba. Ya goge manhajar kwamfutar ya sake sakawa. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da mita, na canza allon da ke ba moton wuta, na wanke ɗan makunnin da ke gaya wa kwamfuta faifai ya dawo mafarinsa. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, in muka ciro faifan da motonsa muka ɗora a tebur, sai ya yi ta juyawa yana tsayawa cif. Muna mayar da shi tukunya muka zuƙe iska, sai ya koma halinsa. Daga ƙarshe muka yanke cewa moton ne ya gaji. Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, ya kira wani abokinsa a Yamai da ke da irinsa a ajiye, aka ba wani direba ya taho da shi ta Maraɗi. Direban ya iso bakin iyaka ta wajen Ɗan Isa ya tarar babu shiga babu fita.

A makon ne Yaya Mamman ya kira ni daga Jibiya. Inna ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

Na shiga ofishin Farfesa da mayafi a karkace. Na ce masa zan tafi gida, ban san ranar dawowa ba, amma in ya yarda zan tafi da faifan da motonsa da ƙaramin akwatin da ake juya shi da hannu. In Allah ya sa sabon moton ya tsallako, sai in haɗa a can in gwada. Ya sa aka auna kayan aka tabbatar babu wani tururi mai cutarwa a jikinsu, shi da kansa ya naɗe su da tsohon bargo ya sa a kwali.

"Ki duba mahaifiyarki tukuna, Hajiya," in ji shi. "Ƙarfe ba ya jin ciwo."

Daga Katsina zuwa Jibiya a shekarar nan shinge ne bayan shinge, ana neman shinkafa da fetur. A wani shingen wani jami'i ya sa na kwance bargon, ya ɗaga faifan yana leƙa ni ta cikin ramukansa.

"Hajiya, wannan na tuyar masa ne?"

Na ce masa kusan haka ne, na nuna masa katin aikina, ya yi dariya ya sake mu.

Jibiyar da na tarar ba wadda na sani ba ce. Manyan motoci sun yi layi daga Magama, can bakin iyaka, kamar an shuka su, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu, albasa na ruɓewa a cikin buhuna har warin na shigowa gari. Yaya Mamman, wanda tun tasowarsa lodin kaya yake haɗawa tsakanin 'yan kasuwarmu da na Maraɗi, yana zaune a zaure ba aikin fari ba na baƙi, ya rame. Shi ya raka ni bakin iyaka washegari. Muna hango motar direban a can tsallake, muna magana da shi ta waya, amma jami'anmu suka ce ko allura ba za ta wuce ba, 'yan duwan, wato kwastan na can, su ma suka ce ba ruwansu. A hanyar dawowa Yaya ya rage murya.

"Rabi, akwai yara masu babur da ka bi ta daji. Kahin la'asar abin ga shina hannunki."

Na yi ta juya maganar har muka iso gida. Amma kayan jami'a ne, da sunan Farfesa a jikin kwalin, kuma a makon an harbi wani mai babur a hanyar. Na ce masa a bari. Da yamma sai na ga ya shigo da batir ɗin wata mota da ke fake, ya dire mini a ƙofar ɗakin Inna, ya ce tunda na ƙi sabo sai in yi ta fama da tsohon.

Haka na koma zama a ɗakin Inna, ɗakin da aka haife ni. Da safe ni da Hassana, matar Yaya, mu ɗaga ta mu yi mata wanka, in ba ta kunu da cokali, in murza mata hannun da ya mutu da man zafi. In ta samu barci sai in shimfiɗa bargon a ƙasa kusa da katifarta, in jona wayoyi a batir, in yi ta danna gaba da baya ina kallon faifan. Kullum daidai yake tsayawa, har na fara jin haushinsa. Bakin Inna ya karkace, maganarta ta yi nauyi, amma hankalinta garau yake, kuma ba ta fasa tsokana ba.

"Mi ne wanga kuma? Injin niƙa kika zo mani da shi?"

"Na wurin aiki ne, Inna. Ya lalace."

"To ga shi shina yawo. Ina lalacewar?"

"A nan lafiyarsa lau. Sai an mai da shi ɗakinsa yake ƙi."

"Halin mazan garin ga ke nan," in ji ta, Hassana ta fita da gudu tana dariya.

Wata rana da hantsi ina cikin dannawa, Inna ta miƙo hannunta mai lafiya ta ɗora tafinta a kan faifan, tana son ta ji sanyin ƙarfen. Ba ta danne shi da ƙarfi ba, wane ƙarfi gare ta. Faifan ya ɗan tsaya a ƙarƙashin hannunta, amma moton bai canza murya ba, ya ci gaba da ƙas-ƙas ɗinsa kamar babu abin da ya faru. Na ƙura wa moton ido. Moton da ya gaji in aka riƙe shi gurnani yake yi yana karkarwa. Wannan kuwa juyawa yake abinsa, faifan ne bai bi shi ba.

"Inna, sake ɗora hannunki."

Ta sake, aka sake yin haka. Nan take na gane abin da ya wahalar da mu. A inda sandar ke shiga tukunya akwai zoben roba da ke hana iska shiga. In aka zuƙe iskar, zoben yakan kama sandar ya riƙe ta kaɗan, kamar yadda hannun Inna ya yi. A tebur babu mai riƙe ta, shi ya sa ba mu taɓa ganin laifin ba. Matsalar tana tsakanin moton da faifan, a mahaɗin sandunan biyu. Mahaɗin kuwa yana cikin wani murfi da masu na'urar suka manna wa hatiminsu, suka gargaɗe mu kada mu buɗe. Na fita tsakar gida na kira Farfesa na yi masa bayani, na ce in na fasa hatimin suna iya cewa mu muka ɓata musu kaya. Sai ya tambaye ni:

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, ranka ya daɗe. Amma na fi yarda da wannan a kan komai da muka gwada."

"Fasa. In sun tambaya, ni na sa ki."

Na fasa. A ciki akwai ɗan gwangwanin tagulla, sandar moto ta shiga ta nan, ta faifai ta shiga ta can, kowace an ɗaure ta da wani ɗan noti marar kai da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na ari jan farcen Hassana na ja layi ɗaya daga sandar zuwa gwangwanin, na sa Inna ta ɗora hannu, na danna. Layin ya rabu biyu a gaban idona. Da na kwance sai na ga bakin notin ya cinye, ya kuma yi wa sandar zobe saboda zamewa. Na ɗaure sandar a jikin turmi, na sa magagari na goge gefe ɗaya ya yi faɗi yadda noti zai samu wurin zama. A kasuwa na zazzage gwangwanin tarkacen wani mai gyaran keken ɗinki har na samu noti mai irin zarensa. Na ɗaure, na ɗiga masa jan farce don kada ya sake kwancewa. Daga nan ko Yaya Mamman ya riƙe faifan da hannu biyu, sai dai moton ya yi gurnani, layin bai ƙara rabuwa ba. Duk wanda ya shigo dubiya a ranar, Inna sai ta nuna masa faifan da haɓa.

"Masu boko sun kasa. Ni na gyara."

Bayan kwana biyu na koma jami'a. Ni da Nasiru muka canza zoben robar da ya bushe, muka shafa masa man da ya dace, muka mayar da komai muka zuƙe iska. Faifan ya zagaya ya dawo, kowane samfur na tsayawa a tsakiyar harbin. Nasiru ya daka tsalle ya rungumi kwamfuta. A makon muka gama gwajin ƙauyukan nan, aka rufe rijiyoyin da suka kamata. Baƙin suka zo, Farfesa ya nuna musu hatimin da aka fasa ya ce shi ya ba da umarni. Babbansu ya daɗe yana kallon ɗigon jan farcen, sannan ya tambayi wa ya yi aikin. Kafin su tafi aka kira ni ofis aka ce ni aka zaɓa, in shirya nan da wata biyu.

To a nan ne maganar take, ku saurara da kyau. Babanku ya ce in tafi, shi zai riƙa leƙa Jibiya. Na san da gaske yake, na kuma san ba zai iya yi wa surukarsa wanka ba. Hassana na da tsohon ciki, ɗaga Inna ya fara gagararta. Yaya Mamman ya samu wanda zai ba shi aikin lodi a kudu, yana ta jinkiri saboda babu wanda zai bar wa gidan. Da na gaya masa labarin ya yi mini murna, ya ce Allah ya sa alheri, sannan ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Bai roƙe ni komai ba, ni ma da ya roƙa da ya fi mini sauƙi. Likita kuma ya ce irin wannan ciwon yakan sake bugowa, ba a san rana ba. Inna ce kaɗai ta yi faɗa.

"Tahi, ɗiyata. Tun kina 'yar ƙarama kike kwance rediyon ubanki. Ki tahi ki ga inda aka yin su."

"In na tafi wa zai juya ki, Inna?"

"Wanda ya juya ni kahin a haihe ki."

Na yi istihara, na yi kuka a banɗaki inda ba mai ji. Ranar Litinin na je na ce wa Farfesa a tura Nasiru. Ya roƙe ni, ya kira baƙin ya nemi su ɗaga zuwa baɗi, suka ce kuɗin na bana ne kawai. Nasiru kansa ƙi ya yi. Ya biyo ni har bakin tasha yana cewa shi ba zai iya haɗa ido da mutane ba.

"Hajiya, ke kika gyara. Kowa ya sani."

"In ba ka je ba wata jami'ar za a ba. Ka je ka buɗe ido, ka dawo ka koya mini."

Ya tafi. Yaya Mamman ma ya tafi kudu. Ni kuma na shiga zaryar da kuka sani. Kowace Juma'a ana tashi daga aiki in kama hanya, in sauka Katsina in canza mota, in isa Jibiya kafin rana ta faɗi saboda hanyar ba ta da tabbas in duhu ya yi, in koma ranar Litinin da sassafe. Hutuna na shekara duk a ɗakin nan ya ƙare. Sauran kwanakin Hassana da wata maƙwabciya suke riƙewa.

Ba zan ce muku abin bai yi mini ciwo ba. Nasiru ya dawo da takardar da ni ba ni da ita, da aka tashi naɗa shugaban masu kula da na'urori dokar aiki ta ba shi. Ranar da aka manna sunansa a ƙofar ofishin da na yi shekaru ina hange, na shige ɗakin na'ura na rufe ƙofa na daɗe ban fito ba. Amma bai taɓa zama ina tsaye ba, bai taɓa kirana ofishinsa ba, shi yake tasowa ya same ni. Duk abin da ya koyo ya zauna ya koya mini kamar yadda muka yi da shi. Sau da yawa ranar Juma'a shi yake karɓar aikina ya ce in kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba.

Ciwon bai sake bugo Inna a shekarar ba, bai bugo ta a ta bayanta ba. Ta rayu har aka buɗe iyaka, ƙanwarta ta zo daga Maraɗi suka gana, har ta ga auren Zainab. Wata Asabar bayan dawowar Nasiru, mun fito da ita inuwar darbejiya a tsakar gida, ta jingina da gwiwoyina ina yi mata kitso. Gashin ya zama fari fat, ya yi laushi kamar auduga.

"Yaron nan ya komo?" ta tambaya.

"Ya dawo, Inna. Yana gaishe ki."

"To kin gani. Da ke ce, da yanzu kin komo da takardarki. Ga ni ban mutu ba. Taurin kai irin na ubanki."

Na fashe da dariya, dariyar ta zarce ta zama kuka, hawaye na ɗiga a kan tsagar da nake yi. Ba ta waiwayo ba. Ta ɗago hannunta mai lafiya ta laluba ta kama wuyan hannuna, ta riƙe shi a kafaɗarta.

"Ran Juma'a," in ji ta a hankali, "tun azahar nike sa Hassana ta juyo ni ta wajen ƙohwa."

Sannan ta sake ni.

"Ƙarasa mani kitson, wuyana ya gaji."